Muryar da Ke Bayan Tulu

Matan zumunta ba sa zuwa gidan mutum ɗai-ɗai. Garke suke zuwa, cikin anko, su zube takalma a bakin ƙofa kamar an buɗe kasuwar gwanjo. Haka suka zo mini wata Laraba a gidana da ke Barnawa. Suka cika falo, suka yi doguwar addu'a, suka cinye gyaɗar da 'yata Vivian ta soya mini, sannan suka tuna da abin da ya kawo su.

Zumuntar mata ta cocinmu za ta yi bikin cika shekara hamsin. Cikin tone-tonensu sun samo wani tsohon kaset na babban taro, tun zamanin da masaƙun Kakuri ke numfashi, aka juye musu shi a waya. Waƙa ɗaya ce ta tsira a ciki. Ita za a sa a coci ranar biki, a kuma ambaci sunan wadda ta ba da waƙar. A nan aka rabu. Rabin matan sun ce muryar marigayiya matata Juliana ce. Uwar zumunta, Abigail, wadda kowa ke kira Mama Tagwai, ta ce tata ce, kuma ba ta ga abin gardama ba.

"A ƙa'idarmu, Baba Filibus, in magana ta taɓa wadda ta riga mu tafiya gida, gidanta ake kawo maganar," in ji Mama Tagwai tana karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta zuwa kan kafet ɗina. "Kai ka zauna da ita. Abin da ka ce, shi ke nan."

Na ce, "Duk faɗin Kaduna kun rasa alƙali sai kurma?"

"Haba Baba, wane kurma?" wata ta amsa daga bayan kujera. "Ranar da aka ce a zo a karɓi fansho ai tun daga bakin titi ka ji."

Suka yi dariya, suka kunna wayar, suka kara mini a kunne. Abin da na ji bai wuce a ce ana suyar ƙosai a gidan maƙwabta ba. Na gyaɗa kai kamar mai nazari, na ce su tura mini waƙar a wayata, su ba ni zuwa wata Larabar.

Kunnena a masaƙa na baro shi. Akawu ne ni, amma ofishina bango ɗaya ya raba shi da ɗakin injuna, kuma bangon na kwali ne. Masaƙar ta mutu, ta bar mini tsuwa a kunnen hagu. Likita ya ce siraran sautuka ne ke fara guduwa: kukan tsuntsu, muryar yara, muryar mata. Da farko ban ɗauki wannan asara ba.

Amma Juliana ba ta bar mini muryarta a ko'ina ba. Ba ta aika saƙon murya a waya. Cewa take, in tana da magana za ta zo ta faɗa wa mutum a fuskarsa, kuma tana zuwa. Hotuna kam ga su nan cike da bango, sai dai hoto ba ya yi wa mutum faɗa. Tun bara na lura cewa in na tuno maganarta, kalmomin kawai ke zuwa, babu sauti, kamar ina karanta su a littafi. Na karanta littattafai da yawa, na san bambancin karanta mutum da jin sa. In tana cikin wannan kaset ɗin, to nan ne kaɗai ta rage.

Da na faɗa wa Vivian a waya, ta ce, "Baba, hedifon mai kyau za a saya maka, marar igiya, wanda ake daidaita wa kunnen mutum. Ka jira ni ranar Asabar in zo daga Unguwar Boro."

Ta faɗi kuɗinsa. Na ce mata da wannan ai sai a yi wa mutum sabon kunne.

Kashegari ina cikin keke napep, cunkoso ya tsai da mu kusa da shataletale, sai ga wani mai talla da allo rataye a ƙirji, hedifon jere a kai kamar kifi a shanya. Ya ga furfura, ya ga ido ya tsaya, ya zuro kai.

"Baba, orijinal! Kamfani ɗaya da na shago, kwali ne kawai ya bambanta."

Kafin in ce uffan ya kifa mini ɗaya a ka, ya danna wayarsa. Wani kiɗa ya doke ni har haƙorana na roba suka motsa.

"Ka ji bes, Baba? Ka ji yadda yake dukan ƙirji?"

Na ji. Rabona da in ji wani abu da ƙarfi haka tun injunan Kakuri. A garin nan haka ake gwada kayan sauti, daga rediyon mota har lasifikar coci: in ya girgiza hanji, to mai kyau ne. Ni ma da karatuna haka na gwada. Na biya ta tagar keke, na iso gida ina jin na fi Vivian wayo.

Maƙwabcina Joseph, mai gyaran firji, ya haɗa mini shi da waya, tunda shi ma marar igiya ne. Na zauna, na kunna waƙar.

Duk wanda ya san waƙar zumunta ya san tulu, wannan babban da ake bugun bakinsa da soso yana cewa dum, dum, daga ƙarƙashin ƙasa. To, tulu na saya. Tulu a dama, tulu a hagu, tulu a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Can nesa, kamar daga ƙasan rijiya, wasu mata na motsi da ba a iya cewa waƙa ce ko rabon gado. Na ƙara sauti, tulun ya ƙara girma. Na ƙure shi, kunnen hagu ya fara fito. Ina cikin wannan sai waƙar ta yanke, na ji wani ƙato yana ihun an ci ƙwallo. Ashe abin ya sake ni ya kama wayar Joseph ta bayan katanga. Kafin mu raba wannan aure caji ya ƙare.

Na kwana biyu kunnena na tsuwa, har kiran Vivian ban ji ba. Ranar Asabar ta zo ta same ni a baranda, ta ɗaga hedifon ɗin da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Baba, likita bai ce ƙara ce ta cinye kunnen ba? Ɗan abin da ya rage ɗin za ka ba mai talla?"

"Na riga na yanke hukunci," na ce. "Muryar mamanki ce."

"Ka ji ta?"

"Ba sai na ji ba. Matar da ta zo mini zaman makoki ta ce labulena na bukatar wanki, ba ni zan ɗora mata rawani ba."

Vivian ta zauna a kujerar mamanta. Bakinta iri ɗaya da na uwar, shi ya sa nake ɗan shakkarta.

"To ka ci Mama Tagwai. Sai kuma me? Ka yi ta sauraron wata mata har ƙarshen ranka kana cewa Mama ce?"

Na shiga na sa takalmi.

Shagon yana cikin rukunin shagunan Barnawa, mai ƙofar gilashi. Mai shi, wani Benson, mutumin Binuwai, shi ma hannunsa ya tafi kai tsaye ga kiɗan girgiza hanji. Vivian ta tare shi.

"Oga Benson, ba biki za mu yi ba. Murya yake nema."

"Au, to Baba ya shigo ciki."

Ya kai ni wani lungu bayan kanta, ya kashe fanka, ya rufe ƙofa, ya sa mini wani mai laushi da ya rufe kunnen ruf. Kaduna ta yi tsit. Ban san yawan hayaniyar da nake ɗauke da ita ba sai da aka sauke mini. Ya ba ni wayata, ya ce duk lokacin da na ji ɗan ƙara in taɓa gilashin. Kunnen dama ya yi abin kirki. Na hagu ya ba ni kunya a gaban baƙo: ina zaune ina jira, su biyu suna kallona, ashe an daɗe ana kira.

"Yanzu ya san kunnenka," in ji Benson. "Zai ɗaga siraran a hagu, ya danne masu kauri. Ba sai ka ƙure sauti ba. Amma Baba, wannan ba na'urar asibiti ba ce, kar ka fasa ganin likita."

"Kai ma 'yata ta saye ka?"

"Ni ai ita ke sayen kayana, Baba. In sa maka waƙar ka gwada?"

Na ce a'a. Ba a gaban mai shago zan gamu da matata ba.

Muka saye shi muka koma gida. Da la'asar, bayan Vivian ta tafi, na ja kujera ƙarƙashin mangwaro, na kunna.

Tulun yana nan, amma ya koma mazauninsa, can baya, kamar dattijon da ya san girmansa. Ga kacau-kacau. Ga tafi. Har kukan wani jariri. Sai mai ba da waƙa ta ɗauka, murya tas, mai ƙarfi, mai son a san da ita.

Abigail ce. Ba ta ma kai ƙarshen baitin farko ba na sani. Wannan muryar ce ta yi maganar labule, sai dai a nan tana da ƙuruciya, kuma, Allah ya gafarta mini, tana da daɗi. Na ji kamar na yi doguwar tafiya zuwa gidan mutum na tarar ya tashi.

Na kai hannu zan cire abin sai aka shiga amshi. Matan suka amsa tare, suka rufe baki tare, ban da ɗaya. Wata murya ta riƙe wutsiyar amshin ta ɗan ja shi bayan kowa ya sauka, ba sauri, kamar mai shanya zani. A amshi na biyu ta sake. Shekara da shekaru ina tsaye kusa da wannan jan a coci ina zungurinta da gwiwar hannu, ina cewa jama'a sun gama.

Ban motsa ba har waƙar ta ƙare. Aka yi tafi, aka yi guɗa. A nan kowa ke kashe wayar, shi ya sa ba wanda ya san akwai saura. Ni hannuna ya ƙi tashi. Tafin ya lafa, kujeru suka yi ƙara, sai wata ta yi gyaran murya dab da makirufo, ta ce a hankali:

"Abigail, kin yi sauri. Jirgi za ki kama?"

Kaset ya ƙare.

Abin da Juliana take ce mini ke nan duk ranar da na ci tuwo a tsaye. Na mayar baya na sake ji. Na sake. Joseph ya leƙo ta katanga ya ce ko lafiya, ya ji ina dariya ni kaɗai kuma ga fuskata a jiƙe. Na ce masa ya je ya gyara firji.

Ranar Laraba garken ya dawo. Wannan karon na ɓoye gyaɗar. Mama Tagwai ta zauna a gaba, jaka a cinya, baki a tsuke, ta shirya wa zalunci.

"Muryarki ce," na ce.

Ta dube ni kamar na ba ta canjin da ya wuce.

"Ka tabbata, Baba Filibus?"

"Wa zai yi miki ƙarya don ya faranta miki? Taki ce. Amma alƙali yana da sharaɗi. Ranar biki a bar waƙar ta kai ƙarshe. Ba a kashewa a kan tafi."

"Me ke bayan tafin?"

Na tashi na sa mata hedifon ɗin a kan ɗankwalinta, na matsar da waƙar zuwa wajen guɗa. Muka zuba mata ido. Ta saurara tana gyaɗa kai irin na mai jin daɗin kanta. Can sai kan ya tsaya. Ta dafe ƙirji.

"Juliana!" ta ce da ƙarfi, irin ƙarfin wanda kunnensa ke rufe. "Ko a kaset ba za ki bar ni ba?"

Ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta jawo bakin zani ta rufe fuska. Matan suka yi caa, kowa na miƙo kai a sa mata. Hedifon ɗin ya zaga falon daga ɗankwali zuwa ɗankwali, ya dawo mini yana ƙamshin man kitso.

"Kuma gaskiyarta ne," in ji Mama Tagwai tana share ido. "Na yi sauri ranar. Tagwaye na bari a gida da zazzaɓi." Ta miƙe, ta gyara jaka, ta kai bakin ƙofa, ta waiwayo. "Za a bar shi ya kai ƙarshe. Amma Baba, labulen nan har yanzu—"

Na mayar da abina kunne, na danna. Bakinta ya ci gaba da motsi. Ni kuwa ana shiga amshi.