Saƙon da Asabe Ta Tura

Asabe tana shanya masara a tsakar gida, a ƙauyensu da ke bayan Tudun Wada, sai wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga lambar da ba ta sani ba. Wani mutum ne yake magana yana haki, wai an ƙone coci a wani ƙauyen Doguwa da safiyar nan, maharan kuma sun nufo wajen Tudun Wada, duk Kiristan da ya ji ya tura wa 'yan'uwa. A ƙasan saƙon ga hoton wani gini yana ci da wuta.

Ta saki masarar ta miƙe. Yayanta Inuwa a Doguwa yake da iyalinsa. Nan take ta tura saƙon cikin guruf ɗin Zumuntar Mata na cocinsu. Ita ce sakatariyar zumuntar, duk abin da ya fito daga wayarta ba a yi masa musu.

Kafin azahar ƙauyen ya hargitse. Mata suna ta ɗaure kaya a zani, wasu suna kuka. Maza sun baro gona sun taru a ƙofar coci, wannan da gora, wancan da adda. Sai a lokacin Asabe ta tuna ba ta ma kira Inuwa ba. Ta kira sau uku ba ta shiga, a na huɗu ya ɗauka.

"Yaya, kuna ina? Kuna lafiya?"

"Lafiya lau, ina gona muna yankan shinkafa. Me ya faru muryarki take rawa?"

Ta gaya masa. Ya ce shi bai ji komai ba, amma ta dakata. Jim kaɗan ya kira ta. Ya ce ya tambayi limamin cocin ƙauyen da aka ambata, mutumin yana zaune lafiya a gindin mangwaron cocin, ko hayaƙi babu.

Asabe ta fito da gudu ko takalmi babu. Tana karyo kwanar coci ta hango wata mace ta nufo taron. Hasana ce, Bafulatanar da ke kawo musu nono kullum daga rugar bayan rafi, tafe da ƙwarya a ka, ba ta san komai ba. Mazan duk sun juyo suna kallonta. Wani ya ce da ƙarfi, "Leƙen asiri aka turo ta!"

Asabe ta ratsa su ta riƙe hannun Hasana gam. "Ƙarya ne!" ta ce. "Ba a ƙone komai ba. Yanzu na yi waya da Doguwa. Ni na turo saƙon, ban bincika ba."

Hasana tana duban fuskokin mutanen da ta shekara goma tana sayar musu da nono, idanunta sun cika da hawaye.

Faston cocin, dattijo mai furfura, ya fito ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya kira Doguwa da kansa, ya ƙara sautin wayar kowa ya ji. Sannan ya dubi Asabe.

"'Yata, wa ya turo miki?"

"Ban san shi ba, Baba."

"Da baƙo ne ya tsaya a ƙofar gidanki ya faɗi haka, ai da kin tambaye shi sunansa. Ubangiji ya ba mu hankali don irin wannan ranar. Ki yi sabon saƙo yanzu da muryarki, ki faɗi gaskiya."

Ta yi, tana kuka. Daga nan ta karɓi ƙwaryar ta raka Hasana har bakin rafi. Da za su rabu, Hasana ta tambaya a hankali, "Da ba ki zo ba fa, Asabe?"

Asabe ta tsaya har Hasana ta haye, sannan ta durƙusa a kan yashi ta roƙi Allah gafara. Sati biyu aka yi babu wanda ya zo da nono daga rugar.