Ƙosan Ranar Takwas

Sharifa ta rasu ranar Talata, shida ga Yulin 2021, da hantsi, a wani asibiti a Kuala Lumpur. A waya aka gaya wa mijinta, Malam Kalilu. Da la'asar ya tsaya daga nesa a maƙabarta, yana kallon mutum huɗu cikin fararen kayan roba suna saka ta a kabari. Bai ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya koma gida a unguwar Wangsa Maju, ya hau hawa na tara, ya rufe ƙofa.

Shekara ashirin da uku suka yi tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi Bakano ne, malamin tarihi, wanda gwamnati ta tuna da shi ta turo shi karatun digiri na uku bayan furfura ta gama da gemunsa. Ita 'yar Ilori ce. Ya karanta littattafai a kan Yarabawa, har ya koyar da tarihin Oyo shekara da shekaru, amma abin da matarsa take yi a kicin bai taɓa ɗaukarsa ilimi ba.

Kwana biyu kafin ta rasu ta kira shi, numfashi yana yanke mata magana.

"Alfa," wato malam a bakin Yarabawa, haka take ce masa in tana son tsokana, "in na tafi, ranar takwas ka soya mini ƙosai ka raba. Haka muke yi."

"'Yan'uwanki za su yi a Ilori."

"Za su yi. Amma ba da su nake gaisawa a bakin lif ba. Nan nake zaune."

"Na sha gaya miki abin nan ba shi da asali. Kuma ina aka taɓa ganin mutum da ransa yana tsara wa maƙwabta karin kumallo? Ki warke ki dawo, ma yi gardamar a gida."

"Ka ce to kawai."

"Ki huta, Sharifa."

Washegari aka sa mata na'urar numfashi, ba ta sake magana ba.

Gari yana kulle saboda annobar korona, don haka babu zaman makoki. 'Yan'uwa ɗalibai suka yi ta'aziyya ta waya, ya amsa "ya haƙuri" har ya daina jin kalmar. A Kano shi ne mai ƙorafin cewa gidan rasuwa ya zama kasuwa. Yanzu ya sami shirun da ya daɗe yana nema, ya tarar ba ya ciyuwa.

Kullum da azahar sai ya ji an rataya leda a mariƙin ƙofarsa. Ya san ko wace ce. Madam Uloma ce, mai ƙofar da ke kallon tasa, Ibo haihuwar Jos, tana digiri na uku a aikin jinya. Shekara biyu gyaɗa kai kaɗai yake ba ta. Waƙoƙinta na Lahadi suna ratso bango, warin busasshen kifinta yana cika baranda, kuma duka biyun ya yi wa Sharifa jawabi a kansu. Yanzu yana cin abincin, ya wanke robar, ya mayar a ƙofarta ba tare da ya ƙwanƙwasa ba.

Ranar Litinin ya ƙirga. Yarabawa suna cewa takwas, Hausawa suna cewa bakwai, kuma duk Talatar ce: su da ranar rasuwar suke farawa, mu kwana muke lissafawa. Sun yi shekaru suna musu a kan wannan, kowa yana da gaskiya. Gobe ke nan. In bai yi ba, babu wanda zai tambaye shi. Wannan ne ya fi damunsa.

Da safe ya ɗauko kwanon wake daga kabad. Abin da ya sani a kan ƙosai shi ne cikinsa fari ne, ke nan ɓawo fita yake yi. Ya zauna a ƙasa, ya buɗe ƙofa don iska ta shigo, ya fara ɓare busasshen wake da farce, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Zuwa ƙarfe tara bai cika kofin shayi ba, babban yatsansa yana jini.

Ƙofar da ke gabansa ta buɗe. Madam Uloma ta tsaya da takunkumi a fuska, ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, me waken nan ya yi maka?"

"Ɓare shi nake."

"Ɗaya-ɗaya?"

"Ban ga suna fitowa biyu-biyu ba."

"Za ka gama kafin Kirsimeti, in Allah ya yarda. Wa ya koya maka?"

"Tunani."

"Ya nuna. Tashi ka zuba masa ruwa."

Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofarta, faɗin baranda a tsakaninsu. Daga can take ba da umarni. Ya jiƙa, ya jira, ya murza tsakanin tafukansa kamar mai wankin hula. Ɓawon ya taso saman ruwa shi kaɗai. Malam Kalilu ya kalli kofin shayinsa.

"A garinmu mai makoki ba ya taɓa tukunya," in ji ta. "Tabarma ake shimfiɗa masa, dangi su dafa. Kuma da tuni an aske maka kai."

Ya shafa sanƙonsa. "Allah ya riga danginku."

Dariya ta ƙwace mata a cikin takunkumin. Ya ji kunya kaɗan da ya lura abin ya yi masa daɗi.

Ya markaɗa da albasa da barkono, ya ɗauko farin mai. Ta girgiza kai.

"Manja. Duba bayan buhun shinkafa."

"Ya aka yi kika san bayan buhun shinkafata?"

"Kana ɗakin karatu, mu muna nan muna zaman duniya. Mu ma da farin mai muke soyawa, kamar ku. Su Anti Sharifa ne masu manja. Yau kuwa nata ne."

Kwalbar tana nan inda ta ce. Sharifa ce ta ɗauko ta daga gida, shi kuma ya yi mata dariyar kawo manja ƙasar da bishiyar kwakwar manja ta cika ko'ina. Da man ya yi zafi, ƙamshin ya tashi, sai ya riƙe bakin teburin girki na ɗan lokaci.

Zubin farko ya watse a kasko. Ya kawo bakin ƙofa ya nuna mata.

"Ba ka buga ƙullun ba. Buga shi har hannunka ya tsane ka."

Na biyu ya ƙone. Na uku ya taso, ja, ya kumbura, ya yi kama da abin da aka shekara ashirin da uku ana ajiye masa yana cewa ya cika maiƙo.

"Wa zan ba?" ya tambaya bayan ya ƙulla a leda. "Ba a shiga gidan kowa."

"Sauka ta matakala. Duk ƙofar da ka ga farin ƙyalle."

A watan, gidan da abinci ya ƙare farin ƙyalle yake ratayawa. Ya karanta labarin a jarida, har yana da ra'ayi a kai, amma bai taɓa duba benensu ba. Ya sami ƙofa goma sha ɗaya. Yana rataya leda, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya. A hawa na shida wata tsohuwa 'yar Malay ta leƙo ta tambayi daga ina. Ya faɗi sunan.

"Kak Sharifa?" ta ce, wato Yaya Sharifa. Ta ajiye ledar, ta ɗaga hannu ta karanta Fatiha. A hawa na uku wani direban tasi ɗan China ya ce ita ce take ba matarsa barkono mai sa kuka. Mai gadi ya karɓa da hannu biyu. Babu wanda ya ce wace ce Sharifa.

Da ya hawo, ƙofar Madam Uloma tana buɗe. A kan teburinta ya hango babbar roba cike da wake, an wanke shi fari tas.

"Wannan fa?"

Ta ɗauko wayarta. "Ta rubuto mini daga asibiti. Ta ce: 'In Alfa ya ƙi, ki yi mini. Amma ki jira har ƙarfe tara. Zai yi gunaguni kwana shida, sannan ya tashi. In ya fara, kada ki karɓa daga hannunsa.'"

Ya tsaya riƙe da kwanon da babu komai a ciki.

"Madam Uloma," ya ce. Wannan ne karo na farko da sunanta ya fito daga bakinsa. "Na gode. Da abincin, da yau. Allah ya saka."

"Amin, Malam. Waken nan alala zai zama gobe. Kai ne mai wanke gwangwani."

Ya shiga gida. Ƙosai ɗaya ya rage a faranti, ɗan ƙarami mai ƙonannen gefe. Ya zauna ya cinye shi a hankali. Ta san zai yi, har ƙarfen ta sani, kuma ya gode wa Allah da ta tafi da wannan sanin. Amma ba sani ta roƙa ba. So ta yi ta ji daga bakinsa, lokacin da numfashin da ya rage mata bai fi na tambaya ɗaya ba.

Ya dubi kujerar da take zama a kai.

"To, Sharifa," ya ce. "Zan yi."