Mayafin da Ruwa Bai Taɓa Ba

Tun da hantsi Salwa take zagaya teburin shagon, ta kasa zama. Mayafin na shimfiɗe a kai, ruwan zuma, shara-shara, har ana ganin katakon ta cikinsa.

Hajiya Mamuna ta unguwar Asawase ce ta kawo shi jiya. Mijinta, Alhaji Garuba, ya sayo mata shi a hajjinsa na ƙarshe, ya ajiye a akwati tare da kwalaben turarensa, bai daɗe da dawowa ba ya rasu. Ba ta taɓa yafa shi ba. Yanzu 'yarsu Rafi'atu ce za ta yafa ranar Asabar, wurin walimarta, kuma ana son furanni na zare ruwan gwal a bakinsa. Sharaɗi ɗaya Hajiya ta kafa kafin ta fita: "Kada ruwa ya taɓa shi. Ƙamshin Alhaji ne a jiki."

Keken surfani na kwamfuta ba ya aiki a kan yadi haka kawai. Sai an shimfiɗa sitif a ƙarƙashi, wata irin takarda mai riƙe yadin don kada allura ta tattare shi. Iri uku ne a shagon: wanda ake yagewa bayan an gama, wanda ake yankewa da almakashi a bar sauran a bayan aiki, da wanda ke narkewa a ruwa.

"Za ki haƙa mini rami a ƙasa da wannan zirga-zirgar," in ji Kawu Wahabu, mai shagon, daga bayan wata shadda da yake wa wuya. "Sa mai yagewa, mu wuce wurin. Da shi nake aiki tun ba ki san hagu da dama ba."

"Shadda ce, Kawu. Wannan kuwa iska ce kawai."

Ta samo ƙyallen yadi mai kama da mayafin, ta ɗinka fure ɗaya da mai yagewa. Da ta ja takardar, yadin ya biyo ta, ya tsage gefen furen. Kawu ya leƙo, ya yi gyaran murya, ya koma kan shaddarsa. Ta gwada mai yankewa. Furen ya zauna daram, amma da ta ɗaga shi a haske sai ga farin sitif a baya kamar an liƙa filasta. Mai narkewa ne ya fito tas. Sai dai tsakanin ganyen furen akwai ragowarsa mai sheƙi, yana ƙara kamar leda, da ta taɓa shi da yatsa mai gumi kuwa ya yi yauƙi.

Ta fita bakin ƙofa, ta dawo. Ta sake fita.

"To, yi da wannan ɗin," in ji Kawu. "Ki tsoma bakin a ruwa, ki goge. Wa zai gaya mata?"

"Hancinta."

"Sai mu fesa turare."

"Ba irin nasa ba ne, Kawu."

"Ei, Allah ya haɗa ni da alƙali a shago! To je ki ki faɗa mata da bakinki, in kina da shi."

Nan ne matsalar. Salwa takan gwammace ta yini tana kwance ɗinki da ta yi wa babba dogon bayani. Duk da haka ta naɗe mayafin a zanin da aka kawo shi a ciki, ta kwashi ƙyallayen uku, ta kama hanya da ƙafa daga unguwar Akwatia Line, inda shagon yake. Tana tafe tana shirya magana a zuci, masu motocin haya na trotro na yi mata ihu, duk jimlar da ta haɗa sai ta warware kafin ta kai kwana ta gaba.

Gidan Hajiya cike yake da mata, ana tankaɗe ana suya. Salwa ta durƙusa ta gaishe ta, maganar da ta shirya ta gudu. Sai kawai ta jera ƙyallayen a cinyar Hajiya.

"Wannan ya yage," ta ce a hankali. "Wannan ana ganin bayansa. Wannan ya yi kyau, amma sai an sa masa ruwa."

"Har kin ɗinka nawa?"

"A'a, Hajiya. Ban taɓa shi ba."

Rafi'atu ta matso, hannuwanta ɗaure da lalle. "Mma, a bar shi haka mana, ba furanni. Ni zan yafa."

"Ki fita gaban jama'a da mayafi fili kamar labule? Ubanki da ko hularsa sai mai aiki?"

Matan suka yi dariya. Hajiya ba ta yi ba. Ta warware zanin, ta kai mayafin hancinta, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki. Salwa na durƙushe, ƙafarta ta fara sanyi, tana tunanin ko ta tashi ta tafi. Can Hajiya ta fito da wata 'yar jarka, ruwa kaɗan a gindinta.

"Zamzam ne. Jirgi ɗaya ya kawo su da mayafin." Ta dubi Salwa. "Je ki ɗinka, ɗiyata. Amma wankin ni zan yi."

Ranar Juma'a bayan la'asar Hajiya ta zo shagon. Ta zauna a kujerar Kawu, ta jiƙa auduga da zamzam ɗin, ta riƙa bin furannin ɗaya bayan ɗaya, sheƙin yana narkewa a ƙarƙashin yatsanta. Salwa na riƙe da ɗaya gefen sama don kada jiƙar ta hau. Kawu ya kashe kekensa ba tare da an ce masa ba.

Da mayafin ya sha iska, Hajiya ta shinshina bakinsa. Ƙamshin ya tafi daga nan, Salwa ma ta sani. Sai ta tattaro tsakiyarsa, inda zai zauna a kan Rafi'atu, ta sake shinshinawa.

"Yana nan," ta ce. "Naɗe mini."