Takalmin Ruwa na Auta

'Ya'yan tsohon maza uku sun riga sun bar masa gonar fadama, kowa da hujjarsa, kuma babu wanda hujjar tasa ba ta da kyau. Saura Auta. Shi ma tun da babban wansa ya bugo waya ya ce akwai gurbi a wurin da yake lodin manyan motoci, Auta ya daina haɗa ido da ubansa. Ba wanda ya tayar da maganar a gidan. Tsohon kuwa irin mutanen nan ne da gara ya yini yana huɗa cikin rana da ya buɗe baki ya ce wa ɗansa kada ka tafi. Sai ya ce masa, "Shirya, mu je in saya maka takalmin ruwa."

Dabara ce ta wanda dabara ta ƙare masa, Allah ya sani. Shi kansa bai taɓa sayen sabo ba, na gwanjo yake sawa, ya yi ta liƙe shi da gam har faci ya fi takalmin yawa. Amma a ganinsa wanda aka saya wa takalmin da zai yi shekaru, ai da kunya ya ajiye shi sabo ful ya kama hanya.

Shagon kayan noman ƙunci gare shi, ga warin roba da na maganin ciyawa. Buhunan taki sun cinye rabin hanya, fartanyu na rataye a bango, takalman kuma an jera su a kan katako har rufi. Mai shago ya sauko da wani baƙi mai sheƙi. Tsohon ko taɓa shi bai yi ba.

"Mai ƙyallin nan rana ɗaya zai sha ya tsage," ya ce. "Ba ni wancan koren."

Ya lanƙwasa shi biyu, ya duba ko robar ta yi fari a wurin lanƙwasar. Ya bi haɗin tafin da farce. Ya shinshina cikinsa. Sannan ya ce a kawo masa bokitin ruwa, ya danna takalmin ciki har wuya, ya zura hannu yana lalube.

"Baba, takalmi kake zaɓa ko mata kake nema wa saurayin nan?" in ji mai shago.

"Matar ai ita za ta zaɓe shi. Wannan ni zan zaɓa."

Ya juya wurin Auta, yana bayani kamar an tambaye shi. Tafin ya zama mai zurfin zane, don laka ba ta da mutunci. Wuyan ya kai ƙasan gwiwa saboda matsattsaku da abin da ke kwance cikin ciyawa. Robar ta zama mai laushi, wadda ba ta ƙara, in ba haka ba agwagin ruwa za su ji ka tun kana bakin rafi, ka dawo gida da bindiga a kafaɗa, kare na kallonka. Auta dai sai "To, Baba." Tsohon na jin yadda wannan "to" ɗin ba ta da nauyi, amma ya ci gaba, don yana tsoron abin da zai biyo baya in ya yi shiru.

Mai shago ya dubi ƙafar Auta ya yi dariya. "Wannan ai kwalekwale ce." Ya ɗauko mafi girma a jerin. Auta ya zauna a kan buhu ya sa, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya zauna masa cif.

"Ya yi min yawa," ya ce.

Aka kawo na ƙasa da shi. Shi ma wai ya yi yawa. Mai shago ya ɗaga gira, amma ciniki yake so, ya sake hawa kujera. Na ukun da kyar ya shiga. Auta ya riƙe wuyansa da hannu biyu yana ja, yana buga diddige a ƙasa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya miƙe tsaye.

"Wannan ya yi daidai."

"Tsaya," in ji tsohon.

Ya dafa buhun taki ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya danna gaban takalmin da babban yatsa. Babu wuri ko na allura. Yatsun Auta a dunƙule suke a ciki, suna turo robar. Mutum ba zai kai ko bakin gona da wannan ba, balle ya yini a cikin ruwa. Ya ɗaga ƙafar ɗan nasa kaɗan, ya share ƙurar tafin, ya dubi lambar. Tasa ce, ta shi tsohon.

Bai tashi da wuri ba. Wani baƙin ciki ya zo masa wanda ba shi da inda zai sauke shi, domin yaron bai yi masa laifi ba. Tausayinsa ma ya ji. Ashe tun a hanya Auta ya san ba shi zai sa ba, yana ta lissafin yadda zai bar wa ubansa takalmi mai kyau ba tare da tsohon ya ƙi karɓa ba.

"Yaushe?" ya ce, kansa a ƙasa.

"Kafin dashe, Baba."

"Uwarka ta sani?"

"Ita ta ce in gaya maka. Na kasa." Auta ya dubi takalmin da ke ƙafarsa. "Zan riƙa aikowa, ka ɗauki 'yan ƙwadago."

"'Yan'uwanka ma haka suka ce."

Bai faɗa da faɗa ba. Yana durƙushe yana raba gonar a ransa. Ɓangaren da ke tsallaken rafi dole ya bar wa ciyawa, ba zai iya shi kaɗai ba. Na kusa da gida zai taɓa bana, baɗi kuma ƙila rabinsa. Farautar ma wa zai kewaya ya koro masa tsuntsu? Ya nemi wata magana da za ta tsayar da yaron, ya laluba ko'ina, bai samu ba. Gonar ba ta riƙe ukun farko ba, kuma shi ya fi kowa sanin abin da take bayarwa.

Mai shago, wanda ya koma gyaran fartanyun da ba su karkace ba, ya yi gyaran murya. "To, Baba, a canza masa babban ne?"

Tsohon ya dafa kafaɗar Auta ya miƙe a hankali. Ya dubi koren takalmin, ya dubi yadda ƙafar ɗansa ta cika shi tam.

"A'a, bar wannan ɗin," ya ce. Sannan ya ce wa Auta, "Cire, kada ka buɗa min shi."