Maganar Lantana a Cikin Leda

Jiya bayan azahar na kishingiɗa kan buhunan masara a shagona na niƙa, sai mafarki ya ɗauke ni. Na tsinci kaina cikin kunnena na dama, riƙe da wata magana da matata Lantana ta faɗa mini. A ƙulle take cikin leda, kuma sai na kai ta ƙarshen hanya zan ji abin da ta ce.

A bakin ramin kunnen akwai ofis. Wata akuya ce zaune bayan tebur, da tabarau da hatimi.

"Siririyar murya ce," in ji ta. "Malam Tanimu, irin wannan ta daina wucewa tun bara."

"Haba Hajiya, kunnena ne fa!"

Ta buga hatimi a wata takarda, ta cinye takardar.

Na isa dodon kunne, wata ƙatuwar ganga. Na doka ledar a jiki, fatar ta girgiza. Bayanta tsofaffin maƙera uku ne, kowannensu bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na farko ya doki na biyu, na biyu ya doki na uku, na uku ya ƙwanƙwasa wata taga. Ba wanda ya yi fushi, aikinsu ke nan.

Na bi ta tagar, sai ga ni cikin katantanwar kunne, ruwa yana zuba daga ƙasa zuwa sama. Ashe gona ce a ciki, kowace ciyawa da sautin da ke kaɗa ta, ta aika wa ƙwaƙwalwa. Na can ƙurya, masu karɓar kakkaurar murya, suna tsaye. Na bakin ƙofa duk sun kwanta.

Wani manomi yana zaune, ba fartanya.

"Wane ɗan banza ya yi wannan ɓarna?" na ce.

"Kai. Shekara ashirin da ka cire wa injinka salansa don matan unguwa su ji ka buɗe. Lantana ta ce ka mayar, ka ce surutu."

"To, a sake shuka mana."

"Nan ba a shuka sau biyu."

Na kwance ledar. Maganar ta bi ta kan ciyawar, ko ɗaya ba ta motsa ba, ta nutse. Wallahi na yi kuka.

Ƙugin injin maƙwabcina ne ya tashe ni, shi kam ina jin sa sarai. Lantana tana tsaye a kaina da kwanon abinci, bakinta yana motsi. Na gyaɗa kai na ce "To," kamar kullum. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ajiye kwanon ta tafi.