Allurar Motar Yuguda

Yuguda direba yana ɗaure buhunan gyaɗa a motarsa mai zuwa garin Lau, sai ga Furera, matar maƙwabcin bappansa, ko takalmi babu.

"Bappanka na kira, wai kar ka tashi motar nan."

Bappan nasa, Njidda, bakanike ne, yana soja a yaƙin Bama ya koyo sana'ar. Kwana shida ke nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Yuguda ya tarar da shi ya rame ƙwarai, amma bakin nan na faɗa yana nan daram.

"Kai, zauna. Tayoyin sojan nan da na sa maka, da muka rasa irin naka har Yola, sun fi naka girma. Na manta ban faɗa maka ba."

"To ai sun shiga, Bappa."

"Shiga daban, lafiya daban! Babbar taya juyi ɗaya take cin ƙasa da yawa, allurar da ke nuna gudu kuwa ba ta san an canja ba. In ta ce maka talatin, ka wuce nan. Motar kuma ta ƙara tsawo, a kwana za ta karkata."

Yuguda ya yi dariya. "Haba Bappa, kana numfashi da ƙyar, taya ce ta dame ka?"

"Mutum nawa za ka ɗauka?"

"Ashirin da bakwai."

"Su suka dame ni. Tafi."

A gangaren da ke bayan garin Kona allura ta nuna ashirin da biyar, yadda ya saba shan kwanar nan shekara huɗu. Sai ya tuna, ya taka birki har sha biyar. Duk da haka motar ta kwanta gefe, taya ta goga ƙarfe da ƙara, mata suka sa salati. Motar ta miƙe. Ya dubi ramin da ke hannun hagu, gumi ya karyo masa. Wallahi da bai rage ba, da babu mai ba da labari.

Washegari da la'asar ya shigo unguwar Sarkin Dawaki da goro a aljihu, zai yi godiya. Tabarmin zaman makoki ya gani a ƙofar gidan Bappa.

Furera ta leƙo daga zaure. "Har ya cika yana tambaya ko kun isa."

"Mun isa, Adda. Dukanmu."

Ya koma cikin maza ya zauna. Can bakin hanya, fasinjojin da ya dawo da su suna sauke kayansu, wata tana gyara goyonta.