Farar Motar da Baba Ya Kushe

Ranar da babur mai ƙafa uku ya faɗa rami da kayanta, Auta ta tsaya a bakin titi tana kallon gwaiduwa na malala a kan kwalta. Nan take ta rantse ta gama ɗora ƙwanta a abin hawan haya. Mota za ta saya, ko da tsohuwa ce.

Sana'arta ke nan. Takan saro ƙwai daga gonakin kaji na bayan gari, ta rarraba wa masu shaguna da gidajen burodi da wani ƙaramin otal. Cinikin ya kankama, ta ɗan tara abin da ta tara, sai dai ba ta san komai a kan motar kaya ba. Mijinta kuwa malamin makaranta ne, da ta nemi shawararsa hannu ya ɗaga.

"Ni fa in na murɗa makulli mota ta tashi, to a wurina lafiyarta ƙalau. Ki je ki ɗauki Baba."

Baba, mahaifinta, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa motar wani kamfanin rarraba magunguna. Da idonsa ya fara hazo, 'ya'yansa suka haɗu suka lallashe shi ya ajiye tuƙi. Tun daga lokacin yake zaune a gida yana neman abin gyarawa. Ya kwance rediyon da ba abin da ya same shi, ya sauya wa tukwanen Inna wurin zama, har yadda ake shanya wanki sai da ya sa baki.

Da Auta ta zo da maganar, Inna ce ta riga shi amsawa. "Ɗauke shi, 'yar nan. In da hali ma kada ki dawo da shi sai magariba."

Asabar ta farko, Auta ta tarar da shi a ƙofar gida ya sha wanka, ya goge takalmi, ga tocila a aljihu da wani ɗan mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika.

"Baba, wannan fa na mene ne?"

"Za ki gani."

Ta kuwa gani. A filin sayar da motoci na farko, wata shuɗiyar mota mai rufaffen baya ta shiga ranta, fentinta sai ƙyalli yake. Baba ya bi jikinta da mayen ƙarfen a hankali. Yana zuwa ƙofar gefe, abin ya ƙi kamawa, ya faɗo ƙasa.

"Nan ba ƙarfe ba ne, ciko ne. Wannan ta sha karo, kwalliya aka yi mata."

Auta ta ji daɗi har cikin ranta. Lallai ta zo da wanda ya san abin.

Ta biyu, ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ta uku, ya sa aka tayar da ita ya tsuguna a bayan bututun hayaƙinta, ya ce hayaƙinta shuɗi ne, mai take sha. Ta huɗu rufinta ya yi ƙasa, kiret ɗin ƙwai ba zai hau da yawa ba. Duk wannan Auta ta yarda. Ita ma ta fito da tata dabarar: duk motar da za su gwada, sai ta ajiye kiret guda na ƙwai a baya, a bi da ita ta titin bayan kasuwa mai ramuka, a dawo a duba. Wadda ta fasa ko ɗaya ta faɗi jarrabawa. Dillalai suka riƙa yi mata dariya, suna ce mata Hajiya mai gwajin ƙwai.

Suna gama zagaye Baba zai ce a tsaya a sha shayi. Ya zauna ya baje labarin hanyoyin da ya bi, da gadar da ta taɓa karyewa bayan wucewarsa, da yadda ya kai mota gida da igiyar takalmi a madadin bel ɗin fanka. Auta ta san labaran nan tun tana ƙarama, amma masu shan shayin sabbin kunnuwa ne.

Makonni suka yi ta tafiya, uzurin Baba ya fara sirancewa. Wannan hon ɗinta ba shi da kwarjini. Waccan kujerarta ta cika laushi, direba zai yi gyangyaɗi. Wata kuma ya ce kawai fuskarta ba ta yi masa ba.

"Baba, mota ce fa, ba suruka nake nema maka ba."

"Ai gara suruka, ita in ta ɓata miki rai gidansu za ta tafi. Wannan a tsakiyar titi za ta zauna miki."

Akwai wata fara a wani fili kusa da gidan mai, wurin wani dillali mai tumbi da fara'a. Dogon baya gare ta, ƙofar gefe mai zugewa, ƙasanta a shimfiɗe ba tudun da zai karkatar da kiret. An bi da ita titin ramuka, ƙwai ya dawo lafiya lau. Baba ya zagaye ta da tocila, ya leƙa ƙarƙashi, ya kara kunne a jikin injin ya daɗe. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Akwai wani ɗan sauti."

"Wane sauti, Baba? Ni ban ji komai ba."

"Ai ba za ki ji ba. Mu ƙara dubawa gaba."

Wata ranar Laraba Auta tana tsakiyar loda kaya a babur ɗin hayar da ta rantse ta daina hawa, sai ga kiran dillalin nan mai tumbi.

"Hajiya, don Allah ki zo ki yi mini iyaka da mahaifinki."

Auta ta ajiye kiret ɗin da ke hannunta. "Me ya faru? Lafiyarsa ƙalau?"

"Lafiyarsa ƙalau, ni ne ba lafiya. Kullum da hantsi sai ya zo. Ya karɓi makullin farar motar nan, ya tayar da ita ta ɗumama, ya goge gilashi, ya shige ciki ya zauna. Ban hana shi ba, dattijo ne, kuma hirarsa da daɗi. Amma duk wanda ya zo taya motar sai ya ja shi gefe ya ce masa akwai wani ɗan sauti. Jiya wani mai gidan burodi ya zo da niyyar biya, Baba ya kora mini shi!"

Auta ta sallami mai babur da kayan, ta tari tasi.

Daga bakin filin ta hango shi. Yana zaune a mazaunin direba, hannu ɗaya a kan sitiyari, gwiwar ɗayan a kan taga, yana kallon katangar da ke gabansa kamar wata doguwar hanya ce. Ta zo da faɗa a bakinta, amma da ta gan shi haka sai faɗan ya narke. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta hau ta zauna.

Baba ya dube ta, ya dubi dillalin da ke laɓe a bayan wata mota, ya yi tsaki. "Mai tumbin nan bakinsa ba ya riƙe magana."

"Baba, tsakaninka da Allah, akwai sauti a motar nan?"

Ya shafa sitiyarin. "Babu. Ko agogo bai kai ta daidaito ba. Wanda ya riƙe ta ya san darajar mota."

"To me ya sa?"

Baba ya ce, "In kika saya, shi ke nan an gama. Ki ɗauko wani matashin direba ya riƙa figar ta yana taka kuloci kamar yana kashe kunama. Ni kuma in koma in zauna ina kallon uwarki tana tsince shinkafa." Ya ɗan yi dariya. "Kuma ban so wani ya ɗauke ta. Kin ga na rasa yadda zan yi, sai na tsare ta kawai."

Auta ta kalli sandar giyar da ke tsakaninsu. Tana da lasin, takan ja ƙaramar motar mijinta, amma waccan mai canja giya da kanta ce.

"Wa ya ce maka direba zan ɗauka? Ni zan ja abata. Sai dai ban iya giyar hannu ba, kuma ban san wanda zai zauna a nan kullum yana yi mini faɗa ba."

Baba ya gyara hula. "Faɗa kam za ki sha."

Ciniki bai ɗauki lokaci ba. Dillalin ya so ya ja, Baba ya tuna masa cewa tayoyin baya sun kusa ƙarewa, wannan karon da gaske. Aka yi ragi, aka duba takardu, lambar injin ta dace da wadda ke rubuce. Dillalin ya miƙa makulli yana cewa shi ribarsa a cinikin nan ita ce samun kwanciyar hankali.

Koyon ya gudana a wani filin ƙwallo da yamma. Motar ta yi ta zabura tana mutuwa, Baba yana ta "A hankali! Ɗago ƙafar a hankali, ba wuta kika taka ba!" Auta ta yi fushi sau biyu, sau ɗaya ma ta fita ta bar masa motar, sai da ya sayo mata lemo mai sanyi sannan ta dawo.

Ranar fitarsu ta farko da kaya, an cika bayan motar da kiret har kusan rufi, an ɗaure da igiya. Komai ya tafi daidai har suka iso babban shataletalen tsakiyar gari. Nan ta saki kuloci da sauri, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Hon ya kaure ta ko'ina. Wani direban bas ya leƙo yana ɗaga hannu.

"Hajiya, in ba ki iya ba ki ba maza!"

Auta ta kai hannu kan makulli. Kafin ta ce wani abu, Baba ya zuro kai ta taga.

"Kai, yaro! Lokacin da na fara zagaya wurin nan da mota ko rarrafe ba ka fara ba! Ka yi mata haƙuri ko ka tashi sama!"

Fasinjojin bas ɗin suka kwashe da dariya, direban ya maida kansa ciki. Baba ya juyo, muryarsa ta sauka.

"Kada ki kula su. Taka kuloci har ƙasa. Mayar da ita giya ta ɗaya. Yauwa. Tayar."

Ta tayar. Motar ta ɗauka sumul, suka zagaye shataletalen suka miƙe hanyar otal.

Daga ranar, mutanen gari suka saba ganin farar motar da sassafe, mace a sitiyari, dattijo a gefe da hannu a kan taga. Masu shaguna suka fara ajiye masa kujera, domin kafin a gama sauke kaya ya ba su labari ɗaya. Auta ta ƙara gidajen burodi biyu a kan waɗanda take kai wa, har da na mutumin da Baba ya kora daga sayen motar. Da mutumin ya ga motar a ƙofar gidan burodinsa ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya tambayi Baba ina labarin sautin nan.

"Mun gyara," in ji Baba, ko ƙifta ido bai yi ba. "Kiret nawa za a sauke maka?"